Jigayin Gascogne: Tarihin Faman da Faransa Ta Yi da Rairayin Bakin Teku

A shekarar 1744 mutanen Soulac, wani ƙaramin gari na bakin teku a kudu maso yammacin Faransa, suka haƙura da majami'arsu. Ginin dutse ne na tun ƙarni na 12, amma rairayi ya yi ta taruwa a jikinsa shekara da shekaru, ya toshe ƙofofi, ya haye tagogi, har ya zamana ba a ganin kome sai kan hasumiya. Mutanen suka kwashe nasu ya nasu, suka koma can cikin ƙasa suka kafa sabon gari. Sai wajen 1860 aka tono ginin. Tun kafin wannan ma, marubucin nan Montaigne ya ba da labari a cikin littafinsa na 1580 cewa rairayin da teku ke amayarwa ya binne wa ɗan'uwansa gonaki a wannan yanki na Medoc.

Gaɓar da ake magana a kanta ta miƙe ne sambal daga bakin kogin Gironde a arewa zuwa bakin kogin Adour a kudu, tafiyar kilomita wajen 230, ba dutse, ba tsauni, sai rairayi. Igiyar ruwan Atlantika takan zubar da shi a gaɓa, rana ta busar da shi, sa'an nan iskar yamma ta kwashe shi ta yi cikin ƙasa da shi. Inda ya sami abin tokarewa sai ya taru ya zama tudu, watau jigawa. Jigawar da ba ta da ciyawa a kanta ba ta zama wuri ɗaya, domin iska tana yaye rairayin gabanta tana zubarwa a bayanta, ta haka tudun duka yake rarrafawa gabas. Jigayin nan kuma suka tare wa ƙoramu hanyar fita teku, ruwa ya kwanta a bayansu ya zama manyan tafkuna, irin su Lacanau da Cazaux, da fadamu masu sauro da zazzaɓi.

Ba Faransa kaɗai abin ya shafa ba. Ƙarnukan nan, daga na 16 zuwa na 18, zamani ne na sanyi da guguwa a Turai, kuma jama'a sun taimaka wa iska da hannunsu, ta wajen kiwo a kan jigayi, da saran itace, da tumɓuke ciyawa don jinka da shimfiɗar dabbobi. A Denmak Sarki Christian III ya hana cire tsiron jigayi tun 1539, amma duk da haka majami'ar Skagen ta nutse cikin rairayi, aka rufe ta a 1795. A Sikotilan guguwar 1694 ta binne gandun Culbin, shekara ɗaya bayan haka majalisar ƙasar ta yi dokar hana tumɓuke ciyawar gaɓa. Ashe kuwa masu mulki sun daɗe da sanin cewa tsiro shi ne ke riƙe da rairayi. Abin da ya gagara shi ne mayar da tsiron bayan ya tafi.

Bremontier da waɗanda aka manta

Sunan da littattafan makarantar Faransa suka riƙe shi ne na Nicolas Bremontier, injiniyan hukumar hanyoyi da gadoji, wanda aka haifa a 1738 ya rasu a 1809. A 1787 ya sami kuɗin gwamnati ya fara gwaji kusa da La Teste, a bakin gulbin Arcachon. Dabarar ba ta da wuyar faɗi. Akan watsa irin wani itace da ake kira fayin na bakin teku, mai ganye kamar allura, mai fid da ƙaro, wanda ya saba da ƙasa marar taki. Akan gauraya irinsa da na waɗansu ƙananan itatuwa biyu dangin wake, ɗaya mai ƙaya, ɗaya marar ƙaya. Sa'an nan a lulluɓe wurin da rassan itace, a jera su kamar jinka, gindi wajen teku, a danne da rairayi, don kada iska ta kwashe irin. Ƙananan itatuwan su ke fara tsirowa, su yi wa ɗan fayin inuwa da garkuwa, su kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi yadda wake ke yi wa gona. Bayan 'yan shekaru fayin ya zarce su, ya rufe su da inuwarsa.

Gaskiyar magana ita ce ba Bremontier ya ƙago wannan ba. Kafin shi waɗansu 'yan'uwa biyu, Guillaume da Louis Desbiey, sun rubuta a kan shuka jigayi. Wani injiniyan sojan ruwa, Charlevoix de Villers, wanda aka aiko yankin a 1778, ya bar rahotannin da ke ɗauke da kusan dukan shirin. Sarakunan gargajiyar Buch sun riga sun gwada shuka a ƙasarsu, kuma wani mutumin La Teste mai suna Peyjehan shi ne ya tsaya a kan ma'aikata cikin rana da iska, da sanin da ya gada a wurin. Abin da Bremontier ya iya, wanda sauran ba su iya ba, shi ne sha'anin ofis. Ya san yadda ake rubuta takardar da minista zai karanta, ya kuma san yadda ake tsorata hukuma, har ya yi lissafin cewa in aka ƙyale rairayin wata rana zai kai birnin Bordo. Ya riƙe aikin bai sake ba cikin hargitsin juyin mulkin 1789, har ran 2 ga Yuli 1801 gwamnatin Napoleon ta kafa hukumar jigayi, ta yanka mata kuɗi na kowace shekara. Shi aka kafa wa dutsen tunawa kusa da La Teste. Duk ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa ganin an yaba wa mai sa hannu an manta da mai aikin, wannan labari ba zai zame masa baƙo ba.

Aikin ya ci shekaru kusan saba'in da biyar. Da aka kammala wajen 1876, an shuke fiye da hekta 80,000 na jigayi masu tafiya.

Amma tun da wuri aka ga wata matsala. Fayin ba ya jure feshin gishiri, kuma ɗan tsiro ba ya rayuwa in sabon rairayi yana zubo masa daga gaɓa kullum. Saboda haka daga wajen shekarun 1820 wani injiniya mai suna Goury ya tsara gina jigawa ta musamman a bakin ruwa don ta zama katanga. Akan kafa shingen katako daura da teku, a bar 'yar kafa tsakanin allo da allo. Rairayi ya taru a gindinsa, in ya kusa binne shi sai a ɗaga allunan sama, a sake jira. Watau iskar da ke ɓarna ita aka sa ta yi ginin. Da tudun ya kai tsawon da ake so sai a dasa masa wata ciyawa da mutanen wurin ke kira gurbe.

Ya kamata a tsaya a kan wannan ciyawa, domin ita ce ginshiƙin dukan al'amarin. Ganyenta dogo ne mai ƙarfi, yana naɗewa kamar tsinke don kada iska ta shanye masa ruwa. Tana da jijiyoyi masu rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ke saƙa kansu cikin tudu kamar taru. Abin mamakinta shi ne binnewa ba ta kashe ta, ƙara mata ƙarfi take yi. In rairayi ya rufe ta sai ta miƙe ta huda shi, ta fid da sababbin saiwoyi a sama, har takan jure rufin da ya kusa mita guda a shekara. In kuwa rairayi ya daina zuwa, sai ta yi ta ramewa har waɗansu tsirrai su ƙwace mata wuri. Ciyawar da ake tsayar da rairayi da ita, ita kanta rayuwarta ta dogara ga motsinsa. Injiniyoyin ƙarni na 19 sun ga haka da idonsu, amma an daɗe ba a gane abin da yake nufi ba.

Daga gaɓa zuwa cikin ƙasa

Nasarar da aka samu a jigayi ta sa hukuma ta ɗaga ido ta dubi filin da ke bayansu, watau Landes. Fili ne shimfiɗaɗɗe na rairayi, a ƙarƙashinsa akwai wani dandaƙaƙƙen ɓawo mai kama da marmara, wanda ke hana ruwa nutsewa. Da damunarsu wurin ya zama fadama, da rani ya bushe ƙurmus. Mutanen Faris sun ɗauke shi hamada ce, har sukan kwatanta shi da Sahara. Alhali kuwa akwai jama'a a cikinsa masu tsarin zamansu. Makiyaya suna kiwon tumaki a filin gari, suna tafe a kan dogayen sanduna da suke ɗaurewa a ƙafa don su ratsa ruwa su kuma hangi garke. Ba don nama ko gashi aka fi ajiye tumakin ba, don taki ne, domin da takinsu ake noman 'yan gonakin hatsi da ke ciyar da gida. Manomin da ya taɓa roƙon Bafillace ya sauka a gonarsa bayan girbi ya san wannan lissafi.

Wani injiniya, Jules Chambrelent, ya sayi fili a Cestas a 1849, ya haƙa magudanai, ya shuka fayin, ya nuna abin yana yiwuwa. Ran 19 ga Yuni 1857 Sarki Napoleon III ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomin Gironde da Landes su janye ruwa daga filayen gari su shuka itace. Da yake ba su da kuɗin aikin, sai suka yi ta sayar da filayen ga masu hali. Cikin zamani ɗaya makiyayan jama'a ta koma gandun masu dukiya. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke ƙaron da ke zuwa Turai daga can, farashi ya hau, kowa ya rungumi fayin. Gungumensa kuma aka riƙa loda wa jiragen ruwa zuwa Ingila don tokare ramukan haƙar kwal. Makiyaya da suka rasa wurin kiwo sun cinna wa gandaye wuta, musamman wajen 1870, amma hakan bai mayar musu da kome ba, 'ya'yansu suka zama masu tsagar ƙaro a ƙasar wani. Wani ɗan yankin, Felix Arnaudin, ya ƙare rayuwarsa yana yawo a kan keke yana ɗaukar hotunan abin da ya rage na tsohon fili da mutanensa.

Ba za a musa amfanin da aka samu ba. Zazzaɓi ya ragu, hanyoyi da jirgin ƙasa suka shigo, garuruwa suka daina gudun rairayi. Gandun ya kai hekta wajen miliyan ɗaya, yana cikin mafiya girman dazuzzukan da ɗan Adam ya shuka a Turai. Amma kusan dukansa itace ɗaya ne, a jere, sa'o'in juna, kuma itace mai ƙaro, wanda wuta ke so.

A watan Agusta 1949 gobara ta tashi kudu da Bordo, ta cinye hekta wajen 50,000, ta kashe mutum 82, yawancinsu masu kashe wutar ne da iska ta juya ta rutsa da su kusa da Cestas, inda Chambrelent ya fara gwajinsa shekara ɗari daidai kafin nan. Bayan wannan aka tsaga gandun da hanyoyin tare wuta, aka kafa hasumiyoyin tsaro. A watan Disamba 1999 guguwa ta kayar da itatuwa ba iyaka. Ba a gama farfaɗowa ba, ran 24 ga Janairu 2009 wata guguwar, wadda aka sa wa suna Klaus, ta kwantar da katako kusan mita miliyan 40 na awon ciki a dare ɗaya da safiya. Ƙwarin da ke huda ɓawo suka bi bayanta, suka sami abinci iri ɗaya shimfiɗe har iyakar gani. A Yuli 2022 wuta ta sake tashi a Landiras da La Teste. A La Teste ta ci yawancin wani tsohon daji na asali da ke kan daɗaɗɗun jigayi, wanda mutanen garin ke da haƙƙin cin itacensa bisa wata yarjejeniya ta 1468.

Dabarar ta ƙetare teku

Tun kafin waɗannan masifu, dabarar Gascogne ta zama abin koyarwa a makarantun gandun daji, ta bi Turawa zuwa ƙasashen da suka mallaka. An kai ciyawar gurbe Kalifoniya da Afirka ta Kudu da Ostireliya da Niyuzilan a ƙarni na 19. Ta riƙe rairayi kamar yadda aka so, amma a wurare da dama ta danne tsirran asali, ta canja siffar gaɓa, har yau ana kashe kuɗi ana tumɓuke ta a Kalifoniya da Niyuzilan.

A Afirka ta Yamma misalin da ya fi kusa shi ne na Senegal. Tsakanin Dakar da Saint-Louis akwai jigayin bakin teku, a bayansu kuma akwai kwaruruka masu danshi da ake kira Niayes, inda ake noman yawancin kayan lambun ƙasar. Daga 1948 ma'aikatan gandun daji na mulkin Faransa suka fara shuka wani baƙon itace mai suna filawo don kare lambunan, aka faɗaɗa aikin ƙwarai bayan farin shekarun 1970, har ɗamarar itatuwan ta bi kusan dukan gaɓar. Ta yi aikinta, lambuna sun tsira. Sai dai ganyen filawo yakan zuba ya yi kauri a ƙasa, ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashinsa sosai, har 'ya'yansa ma, don haka in itatuwan suka tsufa sai an sake dashe da hannu. A Jamhuriyar Nijar, a yankunan Gure da Maine-Soroa, inda jigayin tudu ke barazana ga kwaruruka masu dabino da kanwa, ana kafa shingaye na rassa da ƙiraren goriba, a dasa itace a tsakaninsu. Can ba teku ba gishirin iska, amma tambayar da ke gaban ma'aikaci ɗaya ce, wato wane tsiro za a sa bayan shinge ya tsayar da rairayi, kuma iri nawa.

Abin da masana tsirrai suka gani

Yayin da injiniyoyi ke shuka, waɗansu malamai suna duban abin da jigawa ke yi in an ƙyale ta. Eugen Warming na Denmak, a littafinsa na 1895, da Henry Cowles, wanda ya yi nazarin jigayin tafkin Michigan a Amurka ya buga a 1899, sun nuna cewa tsirran jigawa suna zuwa ne bi da bi, kowane rukuni yana gyara wa na bayansa ƙasa. Ilmin dangantakar halittu da mazauninsu a kan rairayi ya yi tatata.

Wanda ya taka daga bakin ruwa a Gascogne ya nufi gabas zai ratsa wannan jeri cikin 'yan ɗaruruwan mitoci. A inda igiyar ruwa ke zubar da ciyawar teku da tarkace akwai 'yan tsirrai masu kaurin ganye, masu shekara ɗaya, waɗanda ke cin takin tarkacen. Su ke fara tare rairayi. Bayansu wata gajeriyar ciyawa mai jure gishiri takan tayar da ɗan tudu. Sa'an nan farar jigawa, mulkin gurbe, tare da wata ƙaya mai shuɗin ganye da wani tsiro mai yaɗo dangin dankali. Bayan tudun, inda iska ta lafa, sai jigawa mai ruwan toka. Sunan ya samo asali daga gansakuka da wani ɓawon tsiro mai toka-toka da ke lulluɓe ƙasa kamar darduma, da wani ɗan tsiro mai rawayan fure wanda ƙamshinsa ke cika wurin da rani. A nan ne ƙasa ta gaskiya take fara samuwa, domin ganyen da ya mutu yana ruɓewa, ruwan sama yana wanke gishiri, rairayi yana yin duhu yana koyon riƙe danshi. A nan ne kuma aka fi samun yawan iri. Daga nan sai gajerun itatuwa da iska ta tanƙwara, su ne garkuwar dajin da ke bayansu. A wannan gaɓa akwai tsirran da ba a samunsu ko'ina a duniya sai a gaɓar wannan yanki, kamar wanda masana ke kira Linaria thymifolia.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana riƙe ƙasa ta fuskar da ɗan'uwansa ba ya iyawa. Wani saiwarsa zurfi take yi, wani yaɗuwa, wani fuskar ƙasa yake rufewa daga ɗigon ruwan sama. In guguwa ta yaga tudu, irin da ke kwance cikin rairayi da jijiyoyin da suka rage su ke ɗinke ɓarakar ba tare da an kira ɗan kwangila ba. Kuma dukan jerin yana bukatar rairayi ya ɗan motsa, in ba haka ba gurbe ta rame, itace ya mamaye jigawa mai toka, iri ya ragu.

Hukuma ba ta karɓi wannan da wuri ba. Jigawar katanga ta lalace a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma daga wajen 1960 zuwa 1980 aka sa manyan motocin tura ƙasa suka sake fasalinta, aka daidaita ta kamar ganuwa, aka dasa gurbe layi-layi. Sai daga baya hukumar gandun daji ta ƙasa, wadda ta karɓi kula da yawancin jigayin tun 1966, ta koma ga abin da ta kira sassauƙan riƙo. Maimakon tura ƙasa, sai a shimfiɗa rassa inda iska ta fara ɓarna, a kafa ɗan shinge, a yi wa masu yawon shaƙatawa hanyar katako don kada sawu ya kashe darduma mai toka, a rage share gaɓa da inji don tsirran farko su sami abinci. A 1992 dokar Tarayyar Turai ta kare mazaunin halittu ta sa jigawa mai ruwan toka cikin wuraren da aka fi ba fifiko. Babbar jigawar Pilat kuwa, wadda tsayinta ya haura mita 100, an bar ta tana tafiyarta, tana cin dajin da ke bayanta mita ɗaya zuwa biyar a shekara, mutane fiye da miliyan suna zuwa kallonta.

Akwai kuma abin da tsiro ba ya iyawa ko iri nawa ne. Gurbe tana tare rairayin da iska ta kawo, amma ba ta hana teku cin gaɓa, kuma a wurare da yawa na wannan yanki teku tana ci, domin rairayin da take kwashewa ya fi wanda take kawowa. Jigawar da ke da fili a bayanta takan ja da baya da tsirranta duka, ta sake kafuwa. Wadda aka gina gidaje a bayanta ba ta da inda za ta. A Soulac ɗin nan, a 1967, an gina wani dogon bene mai suna Le Signal a kan jigawa, mita wajen 200 daga ruwa. A watan Janairu 2014, bayan guguwar hunturu, tazarar ta koma 'yan mitoci, hukuma ta umarci mazaunansa su fita. Ginin ya tsaya kango shekara tara ana shari'ar diyya da muhawara a majalisa, aka rushe shi a watan Fabrairu 2023, aka mayar da wurin jigawa. Tsohuwar majami'ar da aka tono tana nan cikin gari, a cikin wani ɗan kwari, ƙasa da titunan da ke kewaye da ita.